Kafin waya ta bar hannunka, fidda kanka daga cikinta

Yau maganar waya na zo da ita, wannan da muke saye, mu saida, mu yi musanya, mu ba ƙane ko ɗiya kyauta, mu manta cewa mun bar wani abu a ciki wanda ya fi kuɗin wayar daraja.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, don kar a ce shaci-faɗi nake yi. Ina da wa, ɗan baffana, ɗan kasuwa ne a Maraɗi, yana ɗauko kaya daga Kano da Jibiya. Bayan sallar layya ya ga wayarsa ta tsufa, batir ba ya riƙe caji, sai ya kai ta kasuwa ya yi ciko ya karɓo sabuwa. Yaron shagon ya shigar masa da asusunsa na Gmail a sabuwar, nan take lambobin mutanensa suka sauko duka. Da yaron ya ɗauki tsohuwar zai cire asusun, sai yayana ya hango rubutun da ya fito a fuskar wayar: « Supprimer le compte ». Bai yi nisa a lakkwal ba, amma ya san ma'anar supprimer. Ya ce: "Kai yaro, kar ka taɓa wannan! In ka shafe shi ai lambobina sun tafi ke nan. Goge hotuna da WhatsApp kawai." Yaron yana da masu jira, kuma ba zai tsaya gardama da babba ba. Ya goge abin da aka ce, ya ajiye wayar a teburinsa, washegari wani ya saye ta.

Bayan kamar kwana biyar sai ga kiran yayana da sassafe. "Ƙanena, kai da ka yi boko, zo ka duba mini wagga waya. Lambobi na ɓacewa kullum kamar ana tsince su. Jiya na nemi direban da ke ɗauko mini kaya, babu shi. Masu bina bashi duk suna nan, waɗanda nike bi ne suka ɓace." Na ce: "Yaya, yi haƙuri, ga ni nan tafe." Da na buɗe asusun nasa na duba jerin na'urorin da ke cikinsa, sai na ga waya biyu: sabuwar da ke hannunsa, da tsohuwar da ya saida. Wanda ya saye ta ba ɓarawo ba ne. Bawan Allah ne ya tarar da sunayen mutanen da bai sani ba cike da wayarsa, yana zama da maraice yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Tun da wayoyin biyu daga rijiya guda suke sha, duk sunan da ya goge a can sai ya ɓace a nan.

Allah ya taimake mu, Google na ajiye lambobin da aka goge a kwandon shara na tsawon kwana 30. Muka dawo da su, muka fitar da tsohuwar wayar daga asusun, muka canza kalmar sirri. Da yayana ya yi wata guda yana zargin aljanu ko mahassada, da lambobin cinikin shekaru sun tafi.

Abin da nake son faɗa a wannan rubutu guda ne: duk wayar da za ta bar hannunka, ko sayarwa ce, ko kyauta, ko musanya, wajibi ne ka cire asusunka na imel daga cikinta tukuna. Kuma cire shi daga waya ba ya kashe shi. Tsoron da ya kama yayana shi ke kama mutane da yawa, kuma tsoron ne ke jawo asarar da ake gudu.

Waɗanda suka taɓa riƙe akwatin wasiƙa a gidan waya za su gane abin da sauri. Wasiƙun suna can cikin akwati a gidan waya, kai makulli ne kawai a aljihunka. Haka imel yake. Saƙonninka, da lambobin da ka ajiye cikin asusun, da hotunan da suka hau, suna zaune a manyan na'urorin kamfanin. Duk wayar da ka shigar da asusunka a ciki, kamar ka yanka mata makulli guda ne. Cire asusun daga waya shi ne karɓe wannan makullin. Akwatin na nan da kayansa, gobe ka buɗe shi da wata waya. Rufe akwatin gaba ɗaya wani aiki ne daban, a wani wuri daban ake yin sa, cikin shafin asusun na Google, ƙarƙashin « Données et confidentialité ». Can sai an sake tambayarka kalmar sirri, an nuna maka abin da za ka rasa, ka amince da hannunka. Ba a faɗa wa wannan rami da kuskuren taɓa waya.

Don haka laifin ba na yayana ba ne shi kaɗai. Kalma guda ce ta Faransanci aka ɗora wa ayyuka biyu. Mu a Hausa muna da bambanci sarai tsakanin "cirewa" da "shafewa". Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma wayoyin da ke aljihunmu mafi yawa da Faransanci suke magana, waɗanda suka shigo daga Najeriya kuma da Ingilishi. Kafin ranar da za su yi magana da harshenmu, aikinmu ne mu ƴan rediyo da malaman makaranta da masu shagon waya mu riƙa fassara wa jama'a: wancan rubutun da ke cikin saitin waya, "cire daga wannan wayar" yake nufi.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jinsa a shirye-shiryenmu na kiran waya. "Malam, ni ban da kont. Ni WhatsApp kawai nike yi." Ɗan uwa, in wayarka Android ce, irin su Tecno, Itel, Infinix ko Samsung, kuma an sauko maka da WhatsApp daga Play Store, to akwai asusun Google a cikinta, ko ka sani ko ba ka sani ba, don Play Store ba ya buɗewa sai da shi. Tambayar ita ce: wa ya buɗe shi, kuma a hannun wa kalmar sirrin take? Ga yawancinmu amsar ita ce yaron da ya saida mana wayar, ko mai zuba waƙoƙi a bakin tasha. Ya ƙirƙiri suna, ya sa kalmar sirri, wataƙila ya rubuta a jikin kwali, kwalin kuma yara sun daɗe da yin mota da shi.

Wasu kuma su ce: "Ni ba ni da abin ɓoyo." To bari mu lissafa abin da mai riƙe da tsohuwar wayarka zai iya gani in asusunka na ciki. Zai ga lambobinka duka. In hotunanka na hawa Google Photos, zai ga na iyalinka, har da sababbin da ka ɗauka bayan ka rabu da wayar, da hoton katin ɗan ƙasa da na takardar fili da ka ɗauka don ajiya. Zai karanta duk saƙon da ya shigo. Abin da ya fi muni, imel shi ne ƙofar sauran ƙofofi. In da shi ka buɗe Facebook, mutum zai iya cewa ya manta kalmar sirri, a aiko da lambar canzawa cikin akwatin da yake kallo, ya shiga da sunanka. Sai ƴan uwanka na Abijan da Libiya su fara samun saƙo cewa mahaifiyarka na kwance asibiti, a turo kuɗi da gaggawa. Ko a rubuta zagi ko ƙazafi a kan wani da sunanka da hotonka, kai ne za a fara nema. Sannan wayar da ke cikin asusu tana samun sanarwar nan da Google ke aikowa don tabbatar da mai shiga. Wato baƙo na iya danna "e, ni ne" a madadinka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu bari mu zo ga yadda ake yi, don wa'azi ba tare da nuna hanya ba gajiyar da mutane ne.

A wayar Android, cikin manhajar Gmail babu wurin fita kamar na Facebook. Mutane na nema su gaji, sai su goge manhajar ko su ɓoye ta su ɗauka sun gama. Asusun na nan daram, don a jikin wayar yake zaune, ba a cikin manhajar ba. Hanya ita ce ka shiga saitin wayar, « Paramètres », ka nemi inda aka rubuta « Comptes ». Sunan wurin na ɗan bambanta daga waya zuwa waya: a wasu « Mots de passe et comptes », a Samsung « Comptes et sauvegarde », amma kalmar comptes ba ta ɓacewa. Ka taɓa adireshinka, ka danna « Supprimer le compte ». In shi kaɗai ne asusun Google a wayar, za ta nemi kod ko zanen da kake buɗe ta da shi. Daga nan imel da lambobin da ke cikin asusun za su bar wannan wayar, su zauna can suna jiranka. In kana da Yahoo ko Outlook, su ma ka duba su a wurin, ko a cikin saitin manhajarsu.

A iPhone akwai ƙofofi biyu, kuma mutane na rufe ɗaya su bar ɗaya. Ta farko ta imel ce: « Réglages », sannan « Mail », sannan « Comptes » (a sababbin juyi sai ka bi ta « Apps » kafin ka kai Mail), ka zaɓi asusun ka cire. In manhajar Gmail kake amfani da ita, ka taɓa hotonka a sama, ka shiga wurin kula da asusun da ke cikin na'urar, ka cire shi daga nan. Ƙofa ta biyu ita ce asusun Apple kansa, wanda ke can saman « Réglages » inda sunanka yake. Shi ma sai ka fita daga cikinsa da kalmar sirrinka. Tun 2013 Apple ya sa wa wayoyinsa kulle wanda ke hana kowa amfani da su muddin suna ɗaure da asusun mai su na farko. Shi ya sa za ka ga ɗan ci-rani ya aiko wa mahaifinsa iPhone mai tsada daga waje, ta iso Tawa ta zama madubi, don wanda ya saida masa a can bai fita ba, kuma ba a san inda yake ba.

A kwamfuta kuwa, matsalar ɗalibai ce da masu neman aiki. Ka je siber kusa da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, lokacin ajiye dosiye na neman tallafin karatu ko na jarrabawar ɗaukar aiki. Yaro zai buɗe imel, ya aika takardunsa, lokacinsa ya ƙare, ya danna alamar rufe taga ya tashi. Rufe taga ba fita ba ne. Na bayansa na buɗe Gmail zai faɗa cikin akwatinsa, ga takardar haihuwa, ga sakamakon jarrabawa, ga komai. Kafin ka tashi, taɓa hotonka a kusurwar sama ta dama, ka danna « Se déconnecter ». In kwamfutar ta tambaye ka ko ta ajiye kalmar sirri, ka ce a'a. Mafi kyau ma ka buɗe tagar sirri, « navigation privée », tun farko, don tana mantawa da kai da zarar ka rufe ta.

Ma'aikatan biro suna da nasu tarkon. A kwamfutocin ofis da ke da Outlook ko makamancinsa, akwai tsari iri biyu na karɓar saƙo. Mai suna IMAP yana barin saƙonni a can wurin kamfanin, kwamfuta kwafi kawai take nunawa. Mai suna POP, wanda ya fi tsufa, yana iya kwaso saƙonnin ya sauke su a kwamfutar, ya share su daga can. A irin wannan, abin da ke cikin kwamfutar na iya zama shi kaɗai ne ya rage. Nan ne kawai tsoron yayana ke da tushe. Don haka wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ko ɗan staj da ya gama, ya sa mai kula da kwamfutoci ya duba wane tsari ne, a kwafe saƙonnin, sannan a cire asusun. Amma a cire shi. Kar ka bar wa magajin kujerarka wasiƙunka na gida tare da makullin biro.

Akwai jeri da ya kamata a bi, don wanda ya fara daga ƙarshe yakan yi kuka. Da farko ka tabbata ka san adireshinka da kalmar sirrinka. Gwada shiga da su a wata na'ura kafin ka taɓa komai. Wanda ya cire asusun da bai san kalmar sirrinsa ba, ya rufe ɗaki ne ya jefa makulli a rijiya. Na biyu ka duba lambar wayar da aka ɗaura wa asusun don ceto: taka ce, kuma tana aiki? In ta yaron shago ce, ko wani tsohon sim da ka yar, canza ta yau, don layin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfani na iya ba wani, shi ne kuma zai riƙa samun lambobin sirrinka. Na uku ka tabbata lambobinka a cikin asusun suke, don waɗanda aka ajiye a jikin wayar kawai ba sa bin ka. Ka adana hirarrakinka na WhatsApp, ka buɗe shi a sabuwar waya. Sai ka cire asusun. Bayan nan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, abin da ake kira « réinitialisation ». A ƙarshe ka zare sim da katin memuwar.

Me ya sa cirewa ke zuwa kafin wanke wayar? Tun Android 5.1, a 2015, Google ya sa kariya saboda ɓarayi: in aka wanke waya ta hanyar danne maɓallan gefe alhali asusu na ciki, da ta tashi sai ta nemi asusun da ke cikinta a da. Mai saye ya rasa yadda zai yi, ya kai wa masu filashi, ya ƙara kashe kuɗi, ko ya dawo ya same ka da rigima. Ka huta, ka hutar da shi.

To in wayar ta riga ta tafi fa, kamar ta yayana? Ba a makara ba. Daga kowace waya ko kwamfuta ka shiga asusunka na Google, ka je « Sécurité », ka nemi « Vos appareils ». Za ka ga duk na'urorin da ke riƙe da makullinka. Wadda ba ta hannunka ka fitar da ita, sannan ka canza kalmar sirri. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya je ya duba jerin nan yau. Da yawa za su tarar da wayoyin da suka rabu da su tun shekara biyu ko uku.

In kuma sata aka yi, a nan a yi hattara, don jerin na canzawa. Kar ka yi gaggawar raba wayar da asusun. Muddin tana ciki, kana iya neman inda take, ka kulle ta, ko ka goge ta daga nesa in tana kan intanet. A iPhone, in ka cire ta daga jerin « Localiser », kai da kanka ka buɗe wa ɓarawo kullen da ke hana shi saida ta. Ka kulle ko ka goge tukuna, ka canza kalmar sirri, ka je ofishin kamfanin layinka a toshe sim ɗin a sake ba ka lambarka, ka kai rahoto wurin ƴan sanda.

Akwai ɗaya gefen maganar da ba a cika taɓawa ba: asusun wani a cikin wayarka. Wasu masu shago, don gudun ɓata lokaci, sai su sa nasu asusun a wayar mai saye su sauko masa da WhatsApp, su bar shi a ciki. Shi ya sa wata baiwar Allah za ta ga sunayen mazan da ba ta taɓa sani ba a wayarta, har ya zama fitina a gidan aure. Kuma mai asusun na iya ganin inda wayar take, ya kulle ta, ko ya goge ta. Haka saurayin da ya ba budurwa waya da asusunsa a ciki, ko mijin da aure ya mutu amma tsohuwar matarsa na riƙe da wayar da ya saita mata. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: wanda ya ba da kyauta ya ba da ita duka. Bibiyar mutum a asirce ta hanyar wayar da ka ba shi cin amana ne. Ƴan uwa mata, ku shiga « Comptes » ku duba sunan wa ke ciki. In ba naku ba ne, ku sa wanda kuka amince da shi ya buɗe muku naku, a kwashe lambobinku zuwa can, sannan a cire wancan.

Wani zai ce ai mafita mai sauƙi ita ce duk sabuwar waya a buɗe sabon asusu, a bar tsohon. Haka da yawa ke yi, har mutum ya tara Gmail biyar bai san ko ɗaya ba. Wannan bai magance komai ba. Tsohon asusun na nan a tsohuwar wayar da lambobinka da hotunanka a hannun baƙo. Kuma tun watan Disamba na 2023 Google na da damar shafe asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, da duk abin da ke ciki. Hotunan sunan ɗanka na fari na iya tafiya ta haka. Asusu guda, wanda ka san kalmar sirrinsa, ya bi ka daga waya zuwa waya kamar yadda lambarka ke bin ka, shi ne daidai.

Doka tana nan. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, akwai kuma dokar hukunta laifukan intanet ta 2019. Amma doka bayan ɓarna take zuwa. Alƙali ba zai dawo maka da hoton iyalinka da ya riga ya zaga wayoyin unguwa ba. Rigakafin a shago yake, a daidai lokacin da waya ke canza hannu.

Shi ya sa nake kira ga masu saida waya da masu gyara, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, zuwa Tawa da Yamai. Wanda ke saida babur ya san ciniki bai cika ba sai an miƙa takardu. Mai barin gidan haya ya san sai ya kwashe kayansa ya mayar da makulli. Ku mayar da cire asusu ya zama cikon ciniki. Kar ku karɓi tsohuwar waya sai mai ita ya cire asusunsa a gabanku. In ya ji tsoron supprimer, ku ɗauki minti biyu ku yi masa bayani da girmamawa, ko da ya haife ku. Wannan ma kariya ce gare ku, don ɓarawo ba ya iya cire asusun da bai san kod ɗin wayarsa ba. Wanda ya fara kame-kame, kun san abin da ke nan. In kun buɗe wa mutum asusu, ku sa lambarsa shi, ku rubuta masa adireshi da kalmar sirri a takarda ku ba shi, ku ce ya ajiye tare da takardunsa masu muhimmanci. Kar ku riƙe kwafi. Na san akwai masu gaskiya da yawa a cikinku da ke yin haka tuntuni, Allah ya saka musu. Shugabannin ƙungiyoyinku su mayar da shi ƙa'ida ga kowa.

Mai sayen waya ta hannu, kai ma kana da haƙƙi a kanka. Kafin ka biya, shiga « Comptes » ka gani. In akwai sunan wani, a cire a gabanka, in ba a iya ba ka riƙe kuɗinka. In kuwa ka riga ka kai gida ka tarar da asusun wani, kar ka leƙa masa saƙo, kar ka tsaya goge lambobinsa ɗaya ɗaya, don kana iya share masa jarin shekaru ba ka sani ba. Cire asusun gaba ɗaya, ko ka kira ɗaya daga lambobin a sanar da shi.

Masu kai gyara kuma, in gilashi ne ko wurin caji ko batir, mai gyara ba ya buƙatar shiga imel ɗinka. In aikin zai sa wayar ta kwana a shago a buɗe, kuma tana kunnuwa, cire asusun tukuna, in an gama ka mayar. Minti uku ne.

Mu da muka yi sa'ar zama a aji, nauyin ya fi yawa a kanmu. A kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa ko ƙanwa da ke riƙe da waya ba su san asusun wa ke ciki ba. Yau da dare bayan isha'i, karɓi wayar Baba ko ta Inna, da izininsu, ku duba tare. Ku rubuta musu adireshin da kalmar sirrin, ku gyara lambar ceto, ku fitar da tsofaffin wayoyi daga jerin.

Yayana yanzu ya zama malami a kan wannan. Ranar Juma'ar da ta wuce na ji shi a ƙofar shago yana ce wa maƙwabcinsa: "Alhaji, kar ka ba da wayar nan sai ka fidda kanka daga ciki. Ni na ɗanɗana." Takardar da muka rubuta masa kalmar sirri tana ninke cikin littafin bashinsa, wurin da ya san ba zai taɓa ɓacewa ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya kare mana mutuncinmu da dukiyarmu, ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.